Cindo Mai Tarakta a Hanyar Basunda

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Usta Cindo a Mafaza, kuma a duk tsawon zaman nan ban taɓa ganin ya shiga mota ba sai ya fara tambayar direba ta wace hanya za a bi. Mutane kan ɗauka tsufa ne ya kawo masa yawan tambaya. Abin da zan faɗa a nan shi ya ba ni da bakinsa, kaɗan-kaɗan, wani a inuwar bishiyar ƙofar gidansa, wani a hanyar dawowa daga masallaci. Inda ya yi shiru, matarsa Lauratu ce ta cika min.

A nan Mafaza aka haife shi, bakin kogin Rahad, 'yan shekaru kafin Turawa su bar Sudan. Kakansa daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa da niyyar Makka, ya sauke farali, a hanyar komawa ya ga ruwa da ƙasar noma a nan ya ajiye kaya. Shi kuwa jikan, sunansa na yanka Yusuf ne, amma da yatsa na shida aka haife shi a hannun hagu, don haka Cindo ya bi shi har tsufa.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya bi masu yankan dawa zuwa Gadambaliya. Can ya fara ganin gonar da ido ba ya kai ƙarshenta, can kuma ya fara ganin tarakta, wadda mutanen wurin ke ce wa babur. Kaka uku ya yi yana yanka da lauje yana satar kallon masu tuƙi, a ta huɗu aka ɗora shi a kan tarakta. A Gadambaliya ya haɗu da Mato, wani ɗan Gadarif mai yawan dariya, wanda shi ma yankan dawa ya kawo shi amma ransa na kan manyan motoci. Tukunya ɗaya suke ci a kambo, wato bukkokin ma'aikatan gona. Daga baya Mato ya zama direban lorin kasuwa, Cindo ya tsaya a kan tarakta, abotar kuwa ba ta yanke ba.

Wanda bai san baƙar ƙasar Gadarif ba, ba zai gane abin da ya sa sunan Cindo ya yi nisa ba. Da rani takan tsage har ƙafar jaki ta shige. Da ruwan farko ya sauka sai ta kumbura ta zama danƙo, mota ta nutse har gindin bodi, ta yi mako a wuri ɗaya fasinja suna dafa abinci a ƙarƙashinta. Noma kowa na yi, amma fitar da mota daga wannan laka ba kowa ba. Cindo yakan sauka ya taka wurin da ƙafa, ya ɗebi ƙasar ya murza a hannu, ya zagaya motar sau ɗaya, sannan ya ce ga inda za a ɗaura sarƙa. Daga nan aka fara kiransa Usta, wato gwanin sana'a.

Motar soja ta farko da ya ja, a cikin shekarun saba'in ne, wata babbar mota ƙirar Majirus mai koren fenti da ta kafe a gefen gonar maigidansa. Ya ce abin da ya fara ba shi mamaki nauyinta. Tana rufe da tamfal, ba ta cika rabi ba, amma sarƙa ta miƙe tana ƙara kamar ya ɗaura wa dutse. Da iska ta ɗaga gefen tamfal ya hangi ƙananan akwatunan katako masu hannun igiya, jere a ƙasa. Bai tambaya ba, ba a kuma gaya masa ba. Tun daga ranar, in ya ja motar soja, daga yadda tarakta ke nishi yakan gane ko gari da wake ta ɗauko, ko harsasai.

Shekaru suka wuce. Ya auri Lauratu, suka haifi Jibril da 'yan mata biyu. Yayan Lauratu, Husaini, yana da gonar riɗi a wajen Basunda, kusa da iyakar ƙasar ta gabas, shi ya samar wa Cindo aiki a wata babbar gona da ke can. Suka koma wani ƙauyen Hausawa da ake kira Hillat Sharu, wanda hanyar Basunda ta ratsa ta tsakiyarsa.

A ƙarshen shekarun casa'in hanyar ta canza. Da, in motar soja ta wuce sau ɗaya a wata, abin magana ne. Sai ga shi da ranin wata shekara ana wucewa kusan kullum. Dogayen motoci masu ɗauke da dabbaba, tankar yaƙi, an lulluɓe bakin bindigarta da buhu. Igwoyi masu taya biyu ana jan su a bayan lori, hancinsu na kallon baya. Ƙananan motoci buɗaɗɗu da babbar bindiga a tsaye a bayansu, matasa sun naɗe fuska da rawani saboda ƙura. Duk gabas suke yi, kuma kaɗan ne ke dawowa ta wannan hanya. Rediyo na cewa akwai masu tayar da ƙayar baya a bakin iyaka, amma komai na hannu. Mata suka daina zuwa itace nesa. Masu shayi a bakin hanya suka koyi yin shiru in baƙo ya zauna.

Da damina ta kama sai wata sabuwar kalma ta shigo bakin mutane: lagam, nakiyar da ake binnewa a hanya don mota ta taka. An ce ta tashi da wata tankar ruwa a arewa da su. An ce masu binne ta a cikin sawun taya suke sa ta, ruwan sama ya zo ya shafe wurin, ko wanda ya haƙa ramin ba zai sake gane shi ba. Lauratu ta roƙi mijinta su koma Mafaza kafin ruwa ya rufe hanya. Ya ce mata shi manomi ne, aikinsa cikin gona yake ba kan hanya ba, su bari a yi girbi.

A tsakiyar watan Agusta wani ayarin soja ya iso Hillat Sharu da hantsi, ya tsaya cak a bakin ƙauye. Manyan motoci bakwai, biyu na jan igwa, sai wata mota mai sulke mai taya takwas a gaba. Uku daga cikin lororin sun nutse a fadamar da ke yamma da masallaci. Mai sulken ta gwada jan ɗaya, ita ma ta zauna. Dagaci ya aika aka kira Cindo daga gona.

Yini biyu ya yi yana fitar da su. Jagoran ayarin wani matashin hafsa ne, mulazim, mutumin arewacin Sudan mai ƙarancin magana, idanunsa jajaye don rashin barci. A cikin sojojin akwai wani saje, shawish a bakin mutanen wurin, mai suna Kassim, wanda tun ranar farko ya gaishe da Cindo da Hausa. Ashe ɗan Mafaza ne, babansa masunci ne da Cindo ya sani. Shi ke riƙe masa sarƙa, yana kiransa Kawu.

A ƙauyen kuma akwai Mato. Lorinsa ya kwana tara a Hillat Sharu ɗauke da albasa da sukari da fasinjojin Basunda, ruwa da tsoron hanya sun hana shi gaba. Albasa ta fara wari, fasinja sun fara gunaguni. Ganin sojoji ya faranta masa rai, yana cewa in dai suka wuce lafiya to hanya ta buɗe.

A safiya ta uku, motoci duk sun hau tudu, mulazim ya kira Cindo ya gode masa da Larabci, sannan ya ce aikin bai ƙare ba. Tsakanin ƙauyen da Basunda akwai tafiyar da ta kai kilomita ashirin, da rafi a tsakiya. Yana so tarakta ta shiga gaba, da tazara mai kyau, ta riƙa gwada musu laka. Cindo ya ce to. Ya koma yana duba mai da ruwa, sai Kassim ya durƙusa kusa da shi kamar mai gyara ƙugiyar sarƙa, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa ba tare da ya ɗago kai ba.

"Kawu, ba laka ake so ka gwada ba."

"To mene ne?"

"An ba mu labari an binne abu a hanyar nan, tsakanin dajin ƙaya da rafi. Ba mu san ko nawa ba. Masu neman lagam mutum biyu ne da mu, in za su bi ta taku-taku sai sun yi kwana biyar, mulazim kuma an ce masa lalle ya isa gobe."

Cindo ya ce a lokacin bai ji tsoro ba tukuna. Ya dubi tayoyin gaba na taraktarsa, 'yan ƙanana, da kujerar ƙarfe da ba ta da komai a ƙarƙashinta sai akwatin giyar inji. Ya tambayi Kassim ko in ya ƙi me za a yi. Kassim ya ce bai sani ba, kuma ba ya so ya sani.

Ya wanke hannu ya koma wurin mulazim. Bai nuna an gaya masa komai ba.

"Janabu," ya ce, yadda ake kiran hafsa a can, "in wani abu ya same ni a hanya, wa zai fitar da motocinka daga rafi?"

Hafsan ya dube shi. Bai musa ba, bai kuma tambayi me yake nufi ba. Sai ya ce in yana da wata dabara ya faɗa.

Dabarar da Cindo ke da ita, akwai wani zirin ƙasa mai tsakuwa da mutanen wurin ke kira azaza, ja ce ba baƙa ba, ba ta riƙe ruwa. Tana barin hanya daga cikin dajin ƙaya, ta yi kudu, ta zagaya ta sauka rafi a wani wuri mai duwatsu, ta ɓullo bayan Basunda. Babu sawun mota a kanta, don haka babu dalilin da wani zai binne komai a can. Shi ya san ta ne don shekara shida yana huɗa a gefenta. Abin da bai gaya wa mulazim ba, azazar ta ratsa tsakiyar gonar riɗin Husaini, yayan matarsa, kuma riɗin na cikin fure.

Mulazim ya yarda, da sharaɗi ɗaya. Kada kowa a ƙauye ya san ayarin zai bar hanya, don bai san wa ke kai labari gabas ba. Ya faɗi haka a gaban wani soja, ya ce sojan ya zauna a gefen Cindo a kan tarakta.

Ana shirin tashi Mato ya zo da ɗan ƙullin dabino ya miƙa masa, yana tsokanarsa wai ya zama jagoran yaƙi. Ya ce gobe ko jibi shi ma yana nan tafe a sawunsu. Sojan na zaune a kan murfin taya, bindiga a kan cinya, kuma Cindo bai san ko yana jin Hausa ba.

"Ka jira ni," Cindo ya ce. "Kada ka tashi sai na dawo."

Mato ya yi dariya ya ce sai albasa ta zama miya ke nan. Ya bugi murfin injin da tafin hannu ya ja da baya.

Mutanen ƙauye sun ga ayarin ya bi hanyar Basunda har ya shige dajin ƙaya. Ba su ga inda ya karkata ba. Cindo ya shiga gaba a hankali, mai sulke na bin sa, lorori na biye suna nishi, igwoyi na tsalle a kan tsakuwa. Wajen azahar suka kai gonar riɗin. Husaini na can a bukkarsa ta gona, inda yake kwana da damina. Ya fito ya tsaya a bakin kunya yana kallon tayoyi na kwantar da shukarsa, mota bayan mota, kowace tana ɗan faɗaɗa abin da ta gabanta ta taka. Da tarakta ta zo daidai da shi ya ɗaga kai.

"Cindo, kai ne a gaba?"

Cindo ya wuce da tarakta. Wani soja ya sauka ya gargaɗi Husaini kada ya bar gonar, kada kuma ya yi magana da kowa har kwana uku.

Sun tsallake rafi ba tare da mota ko ɗaya ta kafe ba, suka isa bayan Basunda da la'asar sakaliya. Kafin magariba aka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda ke shafe kowane sawu. Cindo ya nemi a sallame shi da safe, aka ce ba yanzu ba, sai ya ja igwoyin zuwa ramukan da ake haƙa musu a kan wani tudu. Ya roƙi Kassim ko akwai yadda za a aika saƙo Hillat Sharu. Kassim ya ce na'urar magana tana hannun mulazim, kuma ƙauyen ba shi da mai amsawa. Washegari rana ta buɗe, ƙasa ta fara shan iska. Wani mai raƙumi da ya fito daga Basunda ya kai wa Hillat Sharu labarin da ya gani da idonsa, cewa sojoji sun isa lafiya, motocinsu cif, ba abin da ya same su.

A safiya ta biyu Cindo na kwance sarƙa daga igwa ta ƙarshe sai suka ji ƙara daga yamma, guda ɗaya, mai nauyi, kamar an saki babban buhu daga sama. Sararin sama tas yake, babu ko gajimare. Sojojin da ke haƙa suka tsaya. Kassim ya dubi Cindo, sannan ya kawar da kai.

Lorin Mato ne. Tayar gaba ta ɓangaren direba ce ta taka, ɗan nesa kaɗan kafin rafi. Mato da mutum biyu da ke gidan gaba nan take suka rasu, wasu uku daga masu zama a kan kaya suka bi su kafin a kai ga taimako. Waɗanda suka tsira sun yini a kan buhunan albasa, ba wanda ya yarda ya sa ƙafa a ƙasa, har masu neman lagam suka share musu wata 'yar siririyar hanya.

Lorin ya tare hanya, kuma tarakta ɗaya ce a yankin da za ta iya janye shi. Cindo aka kira. An kafa masa tsinke biyu-biyu aka ce kada tayarsa ta fita daga tsakaninsu. Ya shiga da baya, ya ɗaura sarƙa a jikin abin da ya rage na motar abokinsa, ya ja ta gefe. Ya ce warin albasa da na ƙonannen roba ya kwana uku a hancinsa.

Husaini ya yi shekara biyu bai yi masa magana ba, sai a sunan wata jikarsu suka gaisa, kuma maganar riɗi ba ta sake tashi tsakaninsu ba. Kassim an mayar da su kudu kafin ƙarshen shekarar, babansa ya rasu a Mafaza yana jiran wasiƙa. Abin da ya fi tsaya wa Cindo a rai shi ne zuwansa Gadarif gaisuwar mutuwa wurin Atika, matar Mato. Ta bari mutane suka ragu, ta yi magana daga bayan labule.

"Abu Jibril, an ce ka san akwai abu a hanyar."

"Na sani."

"Ka gaya masa?"

"Na ce masa ya jira ni."

"Ka gaya masa dalili?"

Ya ce a'a. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta sa aka kawo masa shayi. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya gama aikin wannan kakar don ya riga ya yi alkawari, ya miƙa makullin tarakta, ya kwashe iyalinsa suka dawo Mafaza. Ya kama noman kuɓewa da tumatir a bakin kogi, da fartanya. Masu manyan gonaki sun yi ta aiko masa, ya ce bayansa ya gaji. Na taɓa tambayarsa ko yana ganin da ya faɗa wa Mato gaskiya sojan zai harbe shi. Ya ce ya yi wa kansa wannan tambaya fiye da yadda zai iya faɗa, wani lokaci ya ga kamar za a harbe shi, wani lokaci ya ga kamar sojan ko sauraro ba ya yi.

Bayan an yi sulhu, wajen shekara goma da faruwar abin, wasu masu cire nakiya suka zo yankin Basunda da rigunansu masu nauyi da garkuwar fuska. Suna neman waɗanda suka san tsohuwar hanya, aka ba su sunan Cindo, suka aiko mota har Mafaza. Ya je, ya nuna musu inda dajin ƙaya yake kafin a sare shi, da inda lorin ya tsaya, don har lokacin akwai guntun ƙarfensa a cikin ciyawa. Bayan mako uku suka sake kiransa ya ga aikin. Sun tono guda huɗu a tsakanin dajin da rafi, kowace kamar faranti mai zurfi, an zagaye ramukansu da jajayen duwatsu. Shugabansu ya ce duk huɗun lafiyarsu ƙalau, da mota ta hau da sun tashi. Ɗaya tana taku biyu daga inda Cindo ya nuna cewa nan ya tsayar da tarakta ranar da ya ja lorin.

Ya tambaye su ko sun tabbata babu saura. Mutumin ya ce a inda suka bincika babu, amma ruwan damina kan tafi da su, wani lokaci a same su a cikin gona nesa da inda aka binne. Cindo ya yi musu godiya, aka mayar da shi gida. Lauratu ta ce ranar bai ci tuwo ba, ruwa kawai ya sha, ya ce a aika wa Husaini kada ya bari a yi huɗa a gefen rafi bana.